Ko kwamfuta za ta iya ƙirga mu? Amsoshin tambayoyinku kan ƙidaya da ƙiyasin yawan jama'a

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo sun fi karkata ga batu ɗaya: yadda ake gano yawan mutane da kwamfuta, da hoton tauraron ɗan Adam, da bayanan wayar salula. Mun miƙa su ga masu aikin ƙididdiga da nazarin yawan jama'a da ke amsa tambayoyin wannan fili. Ga abin da suka ce.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare. Rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006, amma kullum sai ka ji a rediyo ana cewa mun haura miliyan 200. Ɗalibaina sun tambaye ni wa ya ƙirga, na rasa ta cewa.
— Wani malami daga Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka gaya musu gaskiya, babu wanda ya ƙirga. Ƙidayar Maris 2006 ta ba da mutum 140,431,790. Wadda aka shirya yi a watan Mayun 2023 kuwa an ɗage ta ana saura 'yan kwanaki. Galibin alƙaluman da ka ji daga baya hasashe ne da aka ɗora a kan na 2006.

Hanya mafi sauƙi ita ce a riƙa ƙara wa adadin wani kaso kowace shekara. Gwada da ɗalibanka a kan allo. Ku ɗauki miliyan 140.4, ku ƙara kashi 3.2 cikin 100 duk shekara, wanda shi ne aka daɗe ana aiki da shi a hukumance. Bayan shekara 18, wato 2024, za ku sami kusan miliyan 248. Ku sake lissafin da kashi 2.5, sai ku ga miliyan 219. Tazarar ta kusa miliyan 29, ta ma fi dukan mutanen da aka ƙirga a Nijar a 2012, su miliyan 17.1. Ɗan saɓanin da bai kai kashi ɗaya ba ke nan ya haifar da wannan.

Masana ba sa tsayawa a nan. Sukan raba jama'a maza daban mata daban, rukuni-rukuni na shekara biyar-biyar: 0 zuwa 4, 5 zuwa 9, har zuwa tsofaffi. Kowane rukuni sai a tura shi gaba da shekara biyar, a cire waɗanda ake kyautata zaton za su rasu gwargwadon yawan mace-mace a waɗannan shekarun. Sannan a ɗauki mata 'yan 15 zuwa 49, a ninka kowane rukuninsu da yawan haihuwar da aka sani a cikinsa, a sami jariran da za su cike rukunin farko. A ƙarshe a ƙara masu shigowa, a cire masu fita. Manhajar Spectrum tana yin wannan kyauta, kuma mai haƙuri zai iya gina shi da kansa a Excel.

Alƙaluman haihuwa da mutuwa ba daga rajista ake samunsu ba, domin binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa, NDHS, na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa. Daga irin wannan binciken ake ɗebo su. Na 2018 ya ce mace tana haihuwar 5.3 a matsakaici a faɗin ƙasa, 6.6 a Arewa maso Yamma, 3.4 a Legas, kuma yara 132 cikin kowane 1,000 ba sa kai shekara biyar.

Idan tushen 2006 yana da kuskure, kwamfuta za ta ɗauki kuskuren ta yi ta ninka shi. Abin ya fi muni idan aka sauko ƙasa. Sau da yawa akan ɗauki kason jiha a shafa wa kowace ƙaramar hukuma daidai wa daida, alhali Maiduguri ta cika da 'yan gudun hijira yayin da wasu garuruwan arewacin Barno suka zama kufai. Lissafin bai san an yi haka ba. Saboda haka adadin ƙasa baki ɗaya ya fi na jiha ƙwari, na jiha ya fi na ƙaramar hukuma, na mazaɓa kuwa sai a yi taka-tsantsan.

TAMBAYA: Ni ma'aikaciyar lafiya ce a matakin farko. An kawo mana taswirar mazaɓarmu da adadin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, aka ce daga tauraron ɗan Adam aka samo. Mutane suna cikin ɗaki, ta yaya tauraro ya gan su? Ga shi kuma adadin bai yi daidai da na littafinmu ba. Wanne za mu bi?
— Wata ma'aikaciya daga Jigawa

AMSA: Malama, tauraron bai ga kowa ba. Rufin gini ya gani, sauran kuma lissafi ne.

Ana farawa da hoto. Hotunan kyauta irin na Sentinel-2, kowane ɗigo a cikinsu faɗin mita 10 ne a ƙasa, suna nuna gari amma ba sa nuna ɗaki. Na kamfanoni, waɗanda ake saye, ɗigonsu santimita 30 zuwa 50 ne, a nan ne ake iya bambance ɗaki da katanga. Mutane sukan zauna su zagaye dubban gine-gine da hannu a kan hoton, kwamfuta ta koya daga aikinsu, sannan a sake ta ta zagaye sauran. Da haka Google ya fitar da zanen gine-gine fiye da miliyan 500 na nahiyar Afirka a 2021.

Daga nan sai a rarraba matsugunai iri-iri, domin hekta ɗaya a cikin ganuwar Kano ba daidai take da hekta ɗaya a sabuwar unguwar ma'aikata ko a ƙauye ba. Sai kuma mataki mafi tsada, wanda shi ne ƙashin bayan aikin: a zaɓi wurare ta hanyar ƙuri'a, a tura ma'aikata su bi gida-gida su ƙirga duk mai kwana a wurin. Ƙiyasin da masanan WorldPop na Jami'ar Southampton a Ingila suka yi wa Najeriya a ƙarƙashin shirin tsara taswirorin jama'a mai suna GRID3 an gina shi ne a kan irin waɗannan wurare 1,141 a jihohi 15, waɗanda aka ƙirga a 2016 da 2017, kowanne kimanin hekta uku. Kwamfuta ta duba alaƙar cunkoson da aka samu a wuraren da irin matsugunin da sauran alamomin da ake iya aunawa daga nesa. Sannan aka yanka taswirar ƙasa gida-gida kamar gidajen dara, kowane gida mita 100 tsawo mita 100 faɗi, aka ba kowanne adadinsa.

A ce, don misali kawai, an gano cewa ƙauyuka irin naku suna da mutum 120 a kowace hekta mai gine-gine, kuma mazaɓarku tana da irin wannan hekta 150. Mutum 18,000 ke nan. Yaran fa? Ba a ƙirga su daban ba. An ninka 18,000 ne da kason yara da aka samo daga bincike na jiha ko na shiyya. In kason 18 ne cikin 100, yara 3,240. Littafinku kuwa mai yiwuwa an gina shi a kan hasashen 2006 aka ɗauki kashi 20 cikin 100 a matsayin 'yan ƙasa da shekara biyar, kamar yadda aka saba a tsarin rigakafi, da kashi 4 na 'yan ƙasa da shekara ɗaya. Dole su saɓa.

Ga inda hoton yake cin tuntuɓe a ƙasarmu. Soron ƙasa launinsa ɗaya da ƙasar da ke kewaye da shi, musamman da rani, don haka kwamfuta takan tsallake shi ta kama na kwano mai ƙyalli. Ƙauyen da ya fi talauci shi ya fi fuskantar a rage masa mutane. Rumbu kuwa daga sama kamanninsa ɗaya da ɗakin kwana mai jinka, sai gidan manomi mai rumbu shida ya zama kamar gidan mutum ashirin. Inuwar darbejiya da mangwaro tana rufe ɗakuna. Rumfunan kasuwa, makarantu da shagunan haya suna da rufi amma ba a kwana a cikinsu, yayin da tsangayar da almajirai ɗari suke kwana a zaurukanta biyu za ta fito kamar ƙaramin gida. Bukkokin makiyaya ƙanana ne, kuma kafin a sarrafa hoton sun tashi. Akwai kuma shekarun hoton kansa: unguwar da aka gina bara ba ta cikin hoton shekara huɗu da suka wuce, ƙauyen da 'yan bindiga suka tasa kuma rufinsa yana nan, kwamfuta za ta zuba masa mutanen da babu su.

Ki tambayi waɗanda suka kawo taswirar abu biyu. Na farko, daga ƙasa aka gina ƙiyasin kamar yadda muka bayyana, ko kuwa hasashen 2006 aka ɗauka aka watsa shi a kan gine-gine? Iri biyun duk suna nan, kuma na biyun ba sabon adadi ba ne, tsohon ne aka sake rabawa. Na biyu, ina iyakar ƙasa da ta sama? Ƙiyasi mai inganci yakan zo da su, misali 18,000 amma tsakanin 13,000 da 24,000. Wanda ya ba ki adadi ɗaya tilo ya ɓoye miki rabin labarin. Kuma iyakokin suna ƙara buɗewa ne gwargwadon ƙanƙantar wurin.

A ganinmu amfanin taswirar mafi girma ba adadin ba ne, wuraren ne. Lokacin yaƙi da shan inna a jihohin Arewa, tun daga wajejen 2012, hotunan sama da wayoyin da ke bin sawun masu rigakafi sun tono ƙauyuka da rugage da ba sa cikin taswirar da aka zana da hannu. Ku ɗauki taswirar ku zauna da mai unguwa da dagaci, ku bi matsuguni ɗaya-ɗaya. Inda saɓanin ya yi yawa, ku zaɓi unguwa biyu ko uku ku ƙirga su gida-gida, ku ga wanne ya fi kusa da gaskiya. Kada ku manta cewa takardar ƙirgen rigakafi ma takan kumbura, domin akan ɗiga wa 'yan shekara shida da bakwai a rubuta su, wani yaron kuma a ɗiga masa a gida a sake ɗiga masa a kasuwa.

TAMBAYA: Tunda kusan kowa yana da waya, kuma an haɗa layuka da lambar ɗan ƙasa, me zai hana a karɓi adadin daga kamfanonin waya a huta da kashe kuɗin ƙidaya?
— Wani mai sayar da kayan waya, Kano

AMSA: Alhaji, layi ake ƙirgawa a can, ba mutum ba. Kai da kanka ka san masu layi uku da huɗu. Ka kuma san gidan da waya ɗaya ce a hannun maigida, matansa da 'ya'yansa duk da ita suke kira. Yara, waɗanda su ne fiye da kashi 40 cikin 100 na jama'armu in aka ɗauki 'yan ƙasa da shekara 15, galibinsu ba su da layi.

Abin da bayanan waya suka ƙware a kai shi ne motsi. Duk lokacin da aka yi kira ko aka tura saƙo, kamfani yana ajiye layi ɗaya na bayani don lissafin kuɗi: lambar, lokacin, da ƙarfen sabis ɗin da ya ɗauki kiran. Masu bincike sukan sa a sauya lambar da wata alama marar ma'ana tun a cikin kamfanin. Sai a duba ƙarfen da kowane layi ya fi amfani da shi da dare a tsawon mako huɗu ko makamancin haka, a ɗauke shi a matsayin gidansa. In watan gaba ƙarfen daren ya koma wani gari ya zauna, an yi ƙaura ke nan. Da wannan hanya aka ƙiyasta cewa mutum 630,000 sun bar birnin Port-au-Prince cikin kwana 19 bayan girgizar ƙasar Haiti ta 2010. A Kenya kuma an bi motsin layuka kusan miliyan 15 don gano hanyoyin da matafiya suke yaɗa zazzaɓin cizon sauro. A wajenmu irin wannan zai nuna tafiyar 'yan ci-rani bayan kaka da dawowarsu da saukar damina, abin da ƙidaya ta shekara goma-goma ba za ta taɓa kamawa ba.

Amma akwai ramuka. A birni ƙarfe yana rufe 'yan ɗaruruwan mita, a karkara yana iya rufe kilomita da yawa, har ya haɗa ƙauyukan ƙananan hukumomi biyu. A bakin iyaka, irin Jibiya ko Illela, waya takan kama sabis ɗin ƙetare, kuma da yawa suna riƙe layin Najeriya da na Nijar, sai mutum ya ɓace daga bayanan kamfani alhali yana zaune a shagonsa. In ƙarfe ya lalace, kiran yana komawa na kusa da shi, kwamfuta ta ce gari guda ya yi ƙaura. Lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato a watan Satumbar 2021, ko a Barno da Yobe a 2013, bayanan sun yanke ne daidai lokacin da aka fi bukatar sanin ina mutane suka nufa. Kuma galibi kamfani ɗaya ne yake yarda ya ba da bayanai, shi kuwa yana da yankunan da ya fi ƙarfi da irin mutanen da suka fi sayen layinsa. Gyaran shi ne a yi ƙaramin bincike gida-gida a san mutum nawa kowane layi yake wakilta a kowane yanki, maza da mata daban, sannan a ninka. Ka ga an sake komawa ga ƙafa da takalmi.

Batun sirri ba na wasa ba ne. Wani bincike na 2013 a kan layuka miliyan 1.5 ya nuna cewa sanin wurare huɗu da lokutan da mutum ya kasance a cikinsu ya isa a ware kashi 95 cikin 100 na mutanen, ko da an goge lambobinsu. Shi ya sa aikin kirki ba ya fitar da bayanan mutum ɗaya-ɗaya daga kamfani. Jimilla kawai ake fitarwa, kuma duk rukunin da bai kai mutum 15 ba akan ɓoye shi. A Najeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kan duk mai irin wannan aiki.

TAMBAYA: Za a iya sanin yawan Hausawan Gana ko Sudan ta Facebook?
— Wani ɗalibi daga Zangon Kumasi

AMSA: A'a, ɗan'uwa. Shafin masu talla na Facebook yana nuna ƙiyasin masu amfani da shi bisa gari, shekaru, jinsi da harshe, kuma masana sun yi aiki da shi wajen bin baƙin da ke Amurka da mutanen Benezuwela da suka watsu a maƙwabta. Amma a can akwai alƙaluman hukuma da aka gwada shi da su. Bahaushen Kumasi wayarsa da Turanci take, na Sudan da Larabci, na Yamai da Faransanci. 'Yan ƙasa da shekara 13 ba a yarda su buɗe shafi ba, wasu suna da shafi uku, tsofaffi da matan karkara kaɗan ne a ciki. Kamfanin kuma yakan sauya yadda yake lissafi ba tare da sanarwa ba, sai ka ga adadi ya faɗi ka zaci mutane ne suka tafi. Ko a Najeriya ba ka da abin gwadawa, tunda ƙidayar 2006 ba ta tambayi ƙabila ko addini ba.

TAMBAYA: An ce ƙidaya mai zuwa da kwamfutar hannu za a yi. Shin wannan zai kawo ƙarshen gardamar da ake yi bayan kowace ƙidaya?
— Wani ma'aikacin ƙaramar hukuma, Birnin Kebbi

AMSA: Malam, zai rage wasu matsalolin, ba duka ba. Kenya ta yi haka a 2019, Gana a 2021, kuma sakamakonsu ya fito da sauri. Na'urar tana tsallake tambayar da ba ta shafi mutum ba, tana ƙin karɓar uwa 'yar shekara 18 mai ɗa ɗan 12, tana rubuta wurin da aka tsaya da mintin da aka ɗauka. Ma'aikacin da ya zauna a gindin bishiya ya cike gida 40 zai tonu, domin dukan gidajen za su fito a ɗigo ɗaya, kowanne cikin minti biyu. Mai tsara tambayoyin sai ya bambance gargaɗi da hani: in aka hana na'urar karɓar gida mai mutum fiye da 30, ma'aikaci zai datse manyan gidajenmu don ya wuce. Ga kuma caji, ga rashin sabis na tura bayanai, ga na'urar da ta ɓace da aikin kwana uku a cikinta.

Abin da na'ura ba ta gyarawa shi ne amsar da aka ba ta. Tambayi dattijo shekarunsa, zai ce 50 ko 60, da wuya ya ce 57. Ana auna wannan da ma'aunin Whipple: a ɗauki 'yan 23 zuwa 62, a ƙirga waɗanda shekarunsu suka ƙare da 0 ko 5, a raba da kashi ɗaya cikin biyar na jimillar, a ninka da 100. In cikin mutum 2,000 an sami 900, to 900 a raba da 400 a ninka da 100, ya ba da 225. Ɗari shi ne lafiya lau, abin da ya wuce 175 kuwa ya lalace ƙwarai. Maganinsa jadawalin abubuwan da kowa ya tuna ne a cikin na'urar: rasuwar Sardauna a 1966, komawa tuƙi a hannun dama a 1972, shigowar naira a 1973, kisan Murtala a 1976, kusufin rana na Maris 2006, da na gari kamar naɗin sarki.

Sai kuma waɗanda ba a ambata. Uwa tana jin kunyar ɗan fari, ba ta faɗin sunansa, wani lokaci ta tsallake shi, balle in yana hannun kakarsa. Jaririn da ba a yi sunansa ba akan manta da shi. Yaron da ya rasu ba a son tuna shi, kuma wannan yana rage alƙaluman mace-macen yara. Gidan kulle in ba mace aka tura ba, abin da maigida ya faɗa a zaure shi za a rubuta. Almajiri kuwa ko a ƙirga shi sau biyu, a tsangaya da gidan iyayensa, ko a rasa shi duka biyun, sai an tsaya a kan ƙa'ida ɗaya: inda mutum ya kwana a daren ƙidaya.

Hanyar gano yawan waɗanda aka tsallake ita ce a sake ƙirga wasu yankuna da wasu ma'aikata daban bayan 'yan makonni, a gwada sunaye. A ce ƙidaya ta sami 900 a wani yanki, ƙirge na biyu ya sami 800, kuma 720 suna cikin duka biyun. Sai a ninka 900 da 800 a raba da 720, a sami 1,000. An tsallake kashi 10 cikin 100 ke nan. Lissafin yana ɗauka cewa tsallakewar farko ba ta da alaƙa da ta biyu, alhali makiyayin da ya kuɓuce wa na farko shi ne zai kuɓuce wa na biyu, don haka gaskiyar takan fi haka.

Gwada sunayen shi ne wahalar. Manhajar da ke auna kamannin haruffa za ta iya haɗa Muhammadu da Mohammed, ko Usman da Ousmane na rubutun Nijar. Ba za ta taɓa sanin Garba shi ne Abubakar ba, ko Shehu Usman ne, Indo A'isha, Binta Fatima, Kulu Hauwa'u. A ɗaya gefen, Musa Ibrahim ɗan shekara 30 zai iya kai goma a unguwa ɗaya. Sai 'yan gari sun rubuta wa manhajar jerin laƙabobi, a haɗa da sunan maigida da wurin gidan, sannan a bar masu shakku mutum ya duba da ido. Duk wanda aka kasa haɗawa bisa kuskure yana rage 720 ɗin nan, ya kumbura jimillar.

TAMBAYA: Ina karatun digiri na biyu, ina son shiga wannan fanni, amma kwamfutata ƙarama ce kuma ba ni da kuɗin sayen manhaja. Ta ina zan fara?
— Wata ɗaliba daga Zariya

AMSA: Malama, ba kya bukatar sayen komai. R don lissafi, QGIS don taswira, KoboToolbox ko CSPro don tattara bayanai, duk kyauta ne. Taswirorin WorldPop da GRID3 ana sauke su kyauta, bayanan NDHS kuma sai an yi rajista an bayyana abin da za a yi da su. In kwamfutar tana nishi, ki yanke jiharki daga taswirar ƙasa ki yi aiki da ita kaɗai.

Aikin farko: ki sake fitar da wani adadi da yake cikin rahoton NDHS da aka buga. In naki bai zo daidai ba, akwai abin da kika tsallake, kuma galibi nauyi ne. Binciken 2018 ya zaɓi unguwanni 1,400, gida 30 a kowacce, amma ba daidai da yawan kowace jiha ba, don haka kowace mace da aka yi wa tambayoyi tana da nauyinta, wato lambar da ke daidaita yawan matan da take wakilta, a gurbin bayanai mai suna v005, wanda ake rabawa da 1,000,000. Ki kuma gaya wa manhajar unguwar da kowace ta fito, v021, in ba haka ba za ta nuna miki tabbacin da babu shi. Kwanan wata a ciki lamba ɗaya ce: a cire 1900 daga shekara, a ninka da 12, a ƙara wata. Maris 2015 shi ne 1383.

Binciken an tsara shi ya yi magana a kan jiha, ba ƙaramar hukuma ba. Kuma wuraren unguwannin an gusar da su da gangan don sirri, har kilomita 2 a birni, 5 a karkara, kaɗan daga ciki har 10. Kada ki auna nisan gida da asibiti da su kamar sahihai ne, ki ɗauki matsakaicin abin da ke kewaye.

A taswira, ki duba ko kowane gidan dara da aka yanka yana nuna adadin mutane ne ko cunkoso, domin na farko ne kawai ake tarawa. Kada ki sauya girman gidajen kafin tarawa, jimillar za ta canza. In za ki auna faɗi ko nisa, ki juya taswirar daga digiri zuwa mita: Zariya, Kano da Maraɗi suna shiyya ta 32 a tsarin UTM mai auna taswira da mita, Sakkwato ta 31, Maiduguri ta 33.

Wajen haɗa teburin alƙaluma da taswirar ƙananan hukumomi, ki yi amfani da lambarsu, ba suna ba. Akwai Nasarawa a Kano akwai a jihar Nasarawa, Bassa a Filato da Kogi, Obi a Binuwai da Nasarawa, Surulere a Legas da Oyo, ga kuma sunayen da kowace hukuma take rubutawa yadda ta ga dama. Bayan kin haɗa, ki ƙirga layukan. In ba 774 ba ne, ki koma ki nemo wadda ta ɓace ko ta ninku kafin ki ci gaba.